Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Aka Tsara Banɗakin Wani Sabon Gida

A cikin ɗakunan gidan Bahaushe akwai ɗaya da ba a cika kiran sunansa kai tsaye ba. Wani ya ce banɗaki, wato bayan ɗaki. Wani ya ce bayan gida. Wani kuma ya ce makewayi, inda ake kewayawa. Duk sunayen nan uku ba su faɗi abin da ake yi a wurin ba, inda wurin yake kawai suka nuna, kuma duk sun tura shi baya. Kalmomin da suka fi fitowa fili, irin su masai da shadda da salga, suna nan a harshen, amma mai kamun kai yakan kauce musu a gaban surukinsa ko malaminsa, ya ce zai zaga ko zai kama ruwa. Wannan sakayawa kunya ce ta kawo ta, kunya kuwa ado ce. Sai dai tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: abin da baki yake nauyin faɗa, shawara ma takan yi nauyin isa gare shi. Shi ya sa idan mutum ya tashi gina gida yakan kwana yana lissafin faɗin falo da tsawon katanga da launin fenti, banɗaki kuwa sai abin da ya rage na fili.

Haka al'amarin ya so ya kasance ga wani malamin makarantar sakandare da ya yi fiye da shekara 20 yana zaman haya a cikin birnin Kano, a gidan da iyali huɗu suke amfani da makewayi ɗaya. Kowace asuba sai an jera bokitai a bakin ƙofa, kowane bokiti yana riƙe wa mai shi layi, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba 'ya'yansa sun sha bulalar makara saboda wannan layi. Da adashi da bashin ƙungiyar malamai ya samu ya sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100 a bayan gari. Mai zane ya fitar masa da taswira: ɗaki huɗu da falo da ɗakin girki, sai wani ɗan gurbi mai ƙafa 5 da 6 a ƙarshen lungu, an cusa masai na zama da shawa da kwanon wanke hannu a ciki. Malam ya duba ya ga babu laifi. Abin da kawai ya so a ƙara shi ne farin baho irin wanda ya taɓa gani a masaukin da aka sauke su lokacin wani taron bita a Abuja.

Ranar da aka je jan igiya da kafa turaku domin haƙa harsashi, maginin da ya ɗauka, wani dattijo da ya fara sana'ar tun zamanin tubali da makuba, ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya danne gefunanta da duwatsu, ya daɗe yana dubawa. Can sai ya ɗago kai ya ce, “Malam, ina gabas a takardar nan?” Da aka juya takardar ta daidaita da filin, sai ga shi duk wanda ya zauna a masan nan ya fuskanci alƙibla sak, domin daga Kano alƙibla gabas take da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 68 idan aka auna daga arewa. Malam ya san hadisin Abu Ayyubal Ansari da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana fuskantar alƙibla ko juya mata baya yayin biyan buƙata. Ya kuma san cewa malaman Malikiyya sun tafi a kan hanin ya shafi wanda yake a fili ne, wanda yake cikin gini an yi masa rangwame. Ya faɗa wa magini haka. Dattijon ya ce, “Na ji, Malam, ku ne masu karatu. Amma wanda ya tsuguna a jeji sau ɗaya ya tsuguna. Wanda ya kafa masai da siminti kuwa ya tsugunar da gida ne shekara arba'in. Yau juya shi fensir ne, gobe kuwa sai guduma.” Nan take aka yarda masai ya fuskanci kudu. Dattijon ya ƙara da cewa a sa kan famfo a hannun daman mai zama, tun da da dama ake zuba ruwa, da hagu ake tsarki. Malam ya ce a dakata da haƙa har ya sake nazari.

Da daddare ya yi abin da bai yi ba tun da aka fara maganar ginin: ya nuna wa uwargida takardar. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce. Ita ba ta saba da karanta taswira ba, don haka ta ce ya zana mata girman wurin a ƙasa. Ya ɗauki gawayi ya zana ƙafa 5 da 6 a kan daɓe, ya fitar da gurbin masai da na kwanon wanke hannu. Ta kawo bokiti biyu da bahon wanki da kujerar tsugunno da fo, ta jera a ciki, ta kira autansu ta tsayar da shi, sannan ta ce, “To Malam, ni a ina zan tsaya in cuɗa shi?” Malam ya duba, babu wurin sa ƙafa.

Daga nan ta shiga kawo abubuwan da mai zane bai tambaya ba. Gidan mutum 9 ne: su biyu, da yara shida, da Inna, mahaifiyar Malam, wadda ake shirin ɗaukowa daga ƙauye. Idan masai da wurin wanka suna bayan ƙofa ɗaya, mai wanka ya tsare mai jin fitsari, layin gidan haya ya biyo su gidan kansu ke nan. Ƙofar kuma tana kallon falo, ta yadda budurwa ba za ta fito da ɗaurin ƙirji ba muddin akwai baƙo, surukin gida ma gara ya matse da ya ratsa ta gaban mutane da buta. Ta sunkuyar da kai ta ƙara da cewa akwai wankan da magidanta suke yi kafin asuba, wanda bai kamata a bi ta ƙofar ɗakin yara a je yinsa ba. Sannan ga babbar 'yarsu da aka aurar, wadda bisa al'ada gida za ta dawo haihuwar fari. Wankan jego na kwana 40 ne, safe da yamma, da ruwan da aka dafa a murhun itace. Likitoci sun daɗe suna jan kunne game da zafin da ya wuce kima, amma ko da ruwa mai ɗumi za a yi, sai an sami wurin da mai jego da mai yi mata wanka da babban baho za su shiga tare, da kuma hanyar da za a shigo da ruwan daga tsakar gida ba tare da an ratsa falo da shi ba.

Maganar ruwa ita ta kashe farin bahon Abuja. Unguwar babu ruwan famfo, sai rijiya da 'yan garuwa. Masai na zama irin na zamani yana zubar da lita 6 a kowane kori, tsofaffin kuwa lita 9 ko fiye. Malam ya ɗauki biro: mutum 9, kowa sau 4 a yini, a lita 6, ya kama lita 216, wato kusan jarka 9 mai lita 25, tun ba a yi wanka ko wanki ko girki ba. Masai na tsugunno da ake korawa da hannu ba ya cin rabin haka. Shi kuwa bahon da ake kwanciya a ciki, cikinsa ɗaya ya ishi yaran duka wanka da bokiti da moɗa. Malam ya ja layi a kan bahon, bai sake tayar da zancensa ba.

Mai aikin famfo, wani saurayi da ya yi makarantar koyon sana'a, shi ya kawo ɓangaren da ido ba ya gani. Ya bayyana cewa bututun masai mai inci 4 ne, kuma dole ya yi gangara daidai, kimanin saukar ƙafa 1 a duk tsawon ƙafa 40, domin idan ya kwanta ƙazanta za ta tsaya a hanya. Kowace kwana da bututu ya yi wurin toshewa ce, saboda haka gara banɗakin ya jingina da bangon waje, bututun ya fita kai tsaye, a kuma yi ɗan rami mai murfi a inda ya karya kwana domin dubawa. Lanƙwasar da take ƙarƙashin masai da ta ƙarƙashin rariyar daɓe suna riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci, wannan ruwa shi ne murfin da yake hana wari da kyankyasai dawowa ɗaki. Ana kuma buƙatar bututun shaƙar iska da zai haura saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Ruwan wanka da na wanki a ba shi hanyarsa dabam don kada ya cika ramin masai. Duk waɗannan, in ji shi, kafin a zuba daɓe ake binne su. Wanda ya bari sai an kafa tayil, sai ya biya kuɗin gini da na rushewa.

Sai kuma ya tambayi inda za a haƙa rijiya. A taswirar, tsakaninta da sokawe bai fi taku goma ba. Ƙa'idar da masana kiwon lafiya suka fi bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiyar sha, kusan ƙafa 100 ke nan, wato tsawon fulotin gaba ɗaya. Wannan ƙa'ida ba a banza aka kafa ta ba. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi diddigin mamatan ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke sha a titin Broad, daga baya kuma aka tarar da wani tsohon ramin ƙazanta yana tsiyaya dab da rijiyar. A nan gida ma, a shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da wannan cuta, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Aka yanke shawarar sokawe ya koma bakin ƙofar gida, inda motar kwashewa za ta iya isa, rijiya kuma ta koma ƙuryar baya. Amma bayan Malam gaban wani ne, ko kuwa bayan wani. Ya nemi mai fulotin da yake jingine da nasa, wanda bai fara gini ba tukuna, suka zauna a kan tarin yashi suka yi alkawarin kowa ya ajiye rijiyarsa a baya, raminsa a gaba. Ashe tsarin banɗaki ba ya tsayawa a katangar mai gida.

Saura Inna. Ta haura shekara 80, gwiwoyinta sun daina yarda da tsugunno, kuma tun da aka fara ginin take cewa ita a bar ta a ɗakinta na ƙasa. Malam ya san dalili. Shekarun baya ta je barka wani sabon gida na dangi, santsin tayil ya kwashe ta a banɗaki. Ƙofar ciki take buɗewa, ga sakata, ga ta kwance a jikin ƙyauren, sai da aka ɓalle shi. Mata suka yi ta cewa iska ce, domin an san makewayi matattarar aljanu ce. Ita dai Inna abin da ta riƙe shi ne samarin da suka ɓalle ƙofar sun gan ta a halin da ba ta so.

Ranar Asabar ya je ƙauye da takardar. Bayan gaisuwa ya ce, “Inna, ga ɗakinku nan, kusa da tsakar gida.” Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, “Kai wannan, ɗaki ba shi ne damuwata ba, ko a zaure aka shimfiɗa mini tabarma zan yi barci. Inda zan kewaya nake tambaya. Ba na son ranar da jikata za ta riƙe ni a can.” Ya yi mata bayanin masai na zama, da ƙarfen da za a kafa a bango ta dafa, da tayil mai kaushi, da ƙofar da za ta riƙa buɗewa waje. Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, “To a yi wurin wankan da tsawo, yadda za a iya miƙar da mutum. Wata rana yi mini wankan za a yi, ba ni zan yi ba. Kada a rasa inda za a sa ni, a koma kafa zana a tsakar gida.” Malam bai iya amsawa ba. A mota yana dawowa ya fitar da biro ya mayar da tsawon wurin wankan ƙafa 7.

Ga yadda tsarin ya tsaya daga ƙarshe. Gurbin ya tashi daga ƙafa 5 da 6 ya koma 12 da 10. A gaba aka bar ɗan soro mai faɗin ƙafa 4, bakinsa ɗaya yana fita lungun ɗakuna, ɗayan yana fita tsakar gida. A nan aka yi dakalin alwala da kan famfo da wurin sabulu, domin mutum ya yi bisimilla ba a inda ake biyan buƙata ba, ya kuma wanke hannu kafin ya isa ga kwanon abinci. Bayan soron ɗaki biyu ne, kowanne da ƙofarsa: masai mai ƙafa 5 da 6, da wurin wanka mai ƙafa 7 da 6. Ƙofofin ƙafa uku-uku ne maimakon biyu da rabi da aka saba yi wa banɗaki, ta yadda mutum biyu za su shiga kafaɗa da kafaɗa, ko keken mara lafiya ya wuce. Tagogi suna sama da kai, an sa musu raga. Makunnin lantarki yana waje, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. A wurin wanka akwai shawa don ranar da tanki ya cika, da kan famfo a ƙasa daidai bakin bokiti don sauran ranaku, da ɗan dakalin zama. A ɗaya gefen bangon kuma, ta hanyar da ta fito daga zaure, aka yi masai na tsugunno don samari da baƙi, bututunsa ya haɗu da na ciki.

Wannan faɗi ba daga sama ya faɗo ba. Falo ya rasa ƙafa 4, ɗan ɗakin karatun da Malam ya yi shekaru yana mafarki ya koma kanta biyu a jikin bango. A kasuwar Ƙofar Ruwa mai shago ya yi ta tura masa tayil mai sheƙi, yana cewa shi ake yayi. Malam ya roƙi ruwa a kofi, ya zuba a kan samfuri uku, ya goga tafin hannu, ya zaɓi wanda ya fi riƙe hannun. Ranar da mai tayil ya ce ya gama, kafin a biya shi Malam ya sheƙa bokiti guda a daɓen, ruwan ya taru a kusurwar da babu rariya. Aka ɗaga layi biyu aka gyara gangarar, ana ta ƙunƙuni.

Duk da wannan taka-tsantsan, abu ɗaya ya kuɓuce. Ba a cika shekara da tarewa ba bututun masan ciki ya toshe, mai aikin famfo ya buɗe murfi ya zaƙulo audugar mata. Gidan yana da 'yan mata uku, amma a duk zaman shawarar da aka yi babu wanda ya iya buɗe baki ya tambayi inda za su riƙa jefa ta, har uwargida da ta faɗi sauran. Maganin bai wuce ɗan kwandon shara mai murfi a bayan ƙofa ba. Abin da kunya ta hana a faɗa a kan tabarma, sai da aka tono shi a gaban leburori.

Inna kuwa ta tare bayan damina. Da aka sauke ta, ba ɗakinta ta fara nema ba. Ta dogara sandarta ta bi ta tsakar gida ta shiga soron, ta ja ƙofar masai ta ga ta buɗo waje, ta sa ƙafar hagu ta shiga, ta kama ƙarfen ta girgiza shi da ƙarfinta. Ta leƙa wurin wankan ta auna tsawonsa da ido. Sannan ta fito ta dubi surukarta ta ce, “Madalla. A shigo da kayana.”

Ɗalibin da yake shirin zama malami ya sani cewa wata rana shi ma za a shimfiɗa masa takarda irin wannan, ko ta gidansa, ko ta makarantar da zai shugabanta, inda ɗaruruwan yara maza da mata za su yini. Littattafan fiƙihun da aka fara karantawa a zaure, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, duk sun gabatar da babin tsarki a kan babin salla, ba su ji nauyin kiran kowane abu da sunansa ba. Idan ranar ta zo, ya tambayi ƙaramin cikin masu amfani da wurin da tsohon cikinsu, da wadda kunya za ta hana ta magana, tun fensir yana iya gyarawa.

Jinga

1. Kawo sunayen banɗaki guda shida da suka zo a wannan muƙala, ka rarrabe masu sakayawa da masu fitowa fili. Waɗanne ake amfani da su a karin harshen garinku?
2. Mene ne ma'anar “tun ran gini ran zane”? Yaya maganar magini game da fensir da guduma ta fassara wannan karin magana?
3. Me ya sa Inna ba ta kama sunan Malam ba, shi kuma yake ce mata “ku”?
4. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi yadda aka yi amfani da su: harsashi, makuba, rariya, soro, moɗa.
5. Rubuta muƙala mai shafi biyu a kan yadda za ka tsara makewayin makarantar firamare mai ɗalibai maza da mata.